Kada Ki Tafi Badar Da Auren Da Ba A Rubuta Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa.

Zuwa ga autata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya tsare mini ke a zaune da a tafe, Ya tsare ki a hanyar Badar da za ki hau, Ya sa ki shiga ajin da aka ba ki da ƙafar dama. Na san kina mamaki. Gida ɗaya muke, bango ne kawai tsakanin ɗakina da naki, amma ga wasiƙa a kan matashinki. To, tun jiya nake buɗe baki maganar tana ƙin fita. Kuma na san halinki sarai: da na fara da Hausa sai ki tare ni da Larabci, "halas ya Yumma, halas," wai ya isa haka Inna, ki sumbaci goshina ki sulale. Yau babu goshin da za ki sumbata. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Jiya da rana yayanki ya shigo cin abinci. Yana cikin yagar gurasa, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Inna, ranar Juma'a bayan la'asar za mu shafa Fatihar Nafisa da Abakar a nan falo. Ba taro ba ne, dabino da gahawa kawai." Na ce, "Alhamdulillahi! Ashe muwafaƙa ta fito ba ku gaya mini ba?" Don ni abin da na sani, tunda ke 'yar ƙasa ce shi kuma ɗan Chadi, sai hukuma ta ba da wannan izinin kafin a rubuta aurenku. Sai ya ce, "Ba ta fito ba tukuna, ana kan dubawa. Za a ɗaura na Allah, na takarda ya biyo baya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nafisa, ludayin da ke hannuna faɗuwa ya yi cikin miya. Kunnuwana suka toshe, na dafa bango na zame ƙasa. Yayanki ya zabura yana tambaya ko hawan jinin ne ya tashi. Ba hawan jini ba ne. Wannan maganar da ya faɗa, haka take kalma da kalma, ita aka faɗa ranar da aka ɗaura nawa auren. Ban taɓa zaton zan sake jin ta a duniya ba, balle a falona, balle daga bakin ɗan da na haifa, a kan 'yar da na haifa.

Na ji hujjarku, ba wai ban ji ba. An buɗe makaranta, aikin koyarwa ba ya jiran kowa. Motar malamai mata da ke kai da kawowa kullum a wannan doguwar hanya, ni ma ba na so ki shige ta. Yayanki ba ya so ki kama gida ke kaɗai a garin da ba ki san kowa ba. Abakar kuwa yana can dama, yana gyaran injinan ban ruwa a gonakin dabino, ga ɗakinsa, ga hankali, ga sallah. Ban ƙi yaron nan ba, Allah shaida ne. Amma ke kina ƙarama ƙwarai lokacin da abubuwa suka faru a gidan nan, kuma laifina ne da na rufe miki su don kada ki taso da baƙin ciki. Yau zan buɗe.

Ina budurwa muka zo aikin hajji ni da Babana daga Gadarif ta ƙasar Sudan, muka zauna a unguwar Anbariyya a nan birnin Manzo ba mu koma ba. Babana yana wanki da guga wa alhazai. Babanku shi ɗan ƙasa ne, kakanninsa ne suka tako da ƙafa daga ƙasar Kano, yana gadin wata makarantar firamare. Ba wanda ya tilasta mini, ni na gan shi na ce ina so, har ina ƙin cin abinci. Ranar da manya suka zauna ina laɓe bayan labule, sai na ji Baba Haruna tela, abokin Babana, ya ce, "Jama'a, yarinyar nan ba ta da takardar zama, shi kuma ɗan ƙasa ne. A nemi izini tukuna, a kai wa ma'azun ya rubuta, ko da za a shekara ana jira." Ma'azun shi ne malamin da hukuma ta yarda ya rubuta aure. Sai kakanki na wajen uba ya yi dariya ya ce a ɗaura na Allah, na takarda ya biyo baya. Kowa ya ce madalla.

Kin san abin da na yi? Haushin Baba Haruna na ji. Shekara! Ni da ko mako nake gani da nisa. Na ce tsohon nan baƙin ciki yake yi mini. Kayan aurena ma wurin wani tela na kai, kuma na daɗe in na hango shagonsa sai in canza lungu don kada in gaishe shi. Wannan shi ne wautata ta farko. Don haka in kin ji wani ya ce ki dakata alhali kowa yana ce miki ki yi sauri, kada ki yi saurin ɗaukarsa maƙiyi. Ki je ki zauna ki tambaye shi abin da ya hango.

Kada ki fahimce ni a karkace. Aurena aure ne. Da waliyyi, da shaidu, da sadaki, halal ne tsarkakakke, kuma ku 'ya'yan sunna ne, duk wanda ya ce ba haka ba sai na ci kwalarsa. A unguwa ni matar aure ce. Larabawan maƙwabta Ummu Usman suke kirana, tunda su ba su san kunyar ɗan fari ba. Amma da zarar na taka ƙofar wani ofishi, to babu ni.

Bari in gaya miki yadda matar aure take a wancan zamanin, don ke da kika buɗe ido da katinki a jaka ba za ki gane ba. Mace ba ta da kati nata na kanta. Akwai littafin iyali, hoton miji ne a kai, ita kuma layi ɗaya ce a ƙasa tare da yara, ba hoto ba komai. Sunan da ake kiranta da shi a ofis tabi'a, wato mai bin wani. Tafiya sai ya sa hannu, aiki a asibiti sai ya sa hannu. In muka taru wajen suna, matan unguwa su yi ta mita, wannan ta ce, "Ni da na haifi maza biyar wai ni ce tabi'a, kamar jelar raƙumi." A kwashe da dariya, ni ma in yi. Amma a cikina kuka nake. Su ai suna da wanda suke bi a rubuce. Ni ko tabi'ar ban kai ba, layin nan ɗaya da suke rainawa shi nake kwana ina roƙon Allah Ya ba ni.

Yayanki a gida na haife shi, hannun ungozoma. Na sha wuya ba kaɗan ba, na kumbura, na yi jijjiga har na taune harshena, da ƙyar aka ceto ni. Da na samu ciki na biyu, yana tsufa sai kumburin ya dawo, kaina kamar zai tsage, ina ganin wuta-wuta. Goggonki Zainabu, ƙanwar Babanku, ta zo ta gan ni ta ce, "Wallahi ba za mu zuba ido ki mutu ba. Tashi ki sa niƙabi, yau ke ce Zainabu." Ta ɗauko littafin iyalin mijinta. Kada ki zaro ido, ba mu muka fara ba. A lungunmu mata haka suke aron suna kamar yadda ake aron tukunyar biki. Ba hoto, fuska a rufe, wa zai gane?

Mijin Goggonki ne ya shiga da ni asibitin, shi ya sa hannu a matsayin mijina. Babanku yana waje, tsaye jikin mota kamar direban da aka ɗauko haya. Ina zaune a benci ana ta kiran "Zainab! Zainab!" ni kuwa ina ta waige-waige ina jiran mai sunan ta tashi, sai da mijin Goggonki ya yi gyaran murya na tuna ashe ni ce. Na shiga. Likitar mace ce, mai fara'a. Ta buɗe fayil ɗin Goggonki ta ce, "Masha Allah, haihuwa huɗu, duk lafiya lau. Kin taɓa samun wata matsala a ciki ko wajen haihuwa?"

Nafisa, maganar tana kan harshena, harshen nan da har yau tabon haƙorana yake a kai. Amma in na ce na taɓa jijjiga, fayil bai ce haka ba. Za ta tambaye ni yaushe, a ina, wace haihuwar. In asiri ya tonu, Goggonki da mijinta ne za a kama, mutanen da suka taimake ni, masu ƙananan yara. Sai na ce, "La, babu." Ta auna ni, ta ce jinin ya ɗan hau, in rage gishiri, in kwanta in huta, in dawo in bai sauka ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, da abin da na gaya mata ta yi aiki. Ba a yi kwana uku ba aka dawo da ni ranga-ranga ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, cikin babu. Namiji ne. Bai yi kuka ba.

Takardar da aka bayar ta binnewa, sunan Goggonki ne uwa, sunan mijinta ne uba. Babanku ya rungumi ɗansa a cikin likkafani ya kai shi makwancinsa, mai tsaron ƙofar maƙabarta ya tambaye shi ko shi wane ne ga yaron, ya ce kawunsa ne. Da ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya ce mini, "Na ce ni kawunsa ne." Sau uku yana maimaitawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Kina da wa tsakaninki da yayanki, yau kin sani.

To ki gaya mini, 'yar boko. In kika tafi Badar da Fatiha kaɗai, Allah Ya ba ki rabo a watan farko, wa ya isa ya hana? Kika je awo, tambayar farko a kan tebur ita ce ina takardar aure. Me za ki ce? Sunan wa za ki ara? Yanzu ma babu aro, yatsa ake dangwalawa. Kada ki taɓa jefa kanki a halin da za ki kalli likita ki yi mata ƙarya a kan jikinki. Ni na yi, kin ji abin da na biya.

Ai ko mahaukaciya ce ya ci a ce bayan wannan ta tayar da ƙayar baya sai an rubuta auren. Ni ban yi ba. Nakan ɗan taɓa maganar in ya ci ya ƙoshi, sai ya ce, "Insha Allahu bukra." Tsoro yake ji. Wanda ya auri baƙuwa ba izini akwai hukunci a kansa, yana gudun a kore shi daga gadin da muke ci da shi. Ni kuma an tarbiyyantar da ni cewa mace ta gari ba ta matsa wa miji, in ya ce gobe ta ce Allah Ya kai mu. Haka gobe ta yi ta zuwa tana wucewa har furfura ta fito masa.

Wanda ya sha kuɗar wannan shirun nawa yayanki ne. Ba shi cikin littafin ubansa, tunda a rubuce uban ba shi da mata balle ɗa. Kullum da safe Babanku shi ke buɗe wa 'ya'yan mutane ƙofar makaranta, nasa ɗan yana tsugune a ƙetaren titi yana kallo. Wata rana ya dawo da guntun alli da ya tsinta ya ce, "Inna, ni yaushe za a kira sunana a layi?" Na ce masa bana an cika, sai baɗi. Baɗin da ba ta zo ba ke nan, har ya girma a shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kunya ado ce, ban hana ki ba, ki yi wa mijinki ladabi iyakar iyawarki. Amma ranar da kunyarki za ta tauye haƙƙin ɗanki, ki ajiye ta a gefe ki buɗe baki, ko da za a ce kin cika fitina.

Kina shekara biyar Babanku ya dawo daga sallar azahar ya ce kansa yana juyawa. Na tallafe shi, ya ɗora kai a cinyata, yana salati har ya yi shiru. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ban leƙa ko ƙofar gida ba. Duk Anbariyya ta zo mini gaisuwa. Da na fita, mijin Goggonki ya ce mu je mahkama, wato kotu, a tabbatar da magada, ko don ku samu takardu.

Muka je. Magatakardan ya danna na'urarsa, ya ɗago kai ya ce, "Ke wace ce ga mamacin?" Na ce matarsa. Ya sake dubawa, ya girgiza kai ya ce, "Ya hajja, mutumin nan a'azab ne." Na juya na tambayi mijin Goggonki, don na ɗauka kunnena ne. Ya sunkuyar da kai ya ce wai tuzuru, wanda bai taɓa aure ba.

Tuzuru! La'ilaha illallahu. Mutumin da na yi wa girki shekara ashirin da ɗoriya, na haifa masa uku, ya cika a kan cinyata, wai tuzuru. To ni takabar wa na yi? Su wane ne waɗannan 'ya'yan da ke tsaye a gefena? Wallahi ban san lokacin da na fashe da dariya a gaban mutane ba, dariyar ta juye kuka, har wani askari, ɗan sandan da ke gadin wurin, ya kawo mini ruwa. Magatakardan ba mugu ba ne, shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ce abin da zan nema sunansa isbatin aure, wato in tabbatar wa alƙali an taɓa ɗaura shi, da shaidu biyu da suka halarta. Kuma kafin alƙali ya saurare ni ma sai na zo da mu'arrif.

Kin san mu'arrif? Ina fa za ki sani. Namiji ne da zai tsaya gaban alƙali ya ce wannan matar da ke cikin baƙin mayafi ita ce wance 'yar wane. Ke da bakinki ba ki isa ki ce ke ce ke ba. Ni kuwa Babana ya rasu, ba ni da wa, ba ni da ƙane a ƙasar nan. Limamin da ya ɗaura auren ya rasu, kakanki mai dariyar nan ya rasu, wasu sun koma Sudan ba labari. Muka ƙirga mutanen da suka ci dabinon aurena, masu rai biyu suka rage. Ɗaya wani ƙanen kakanku ne a Makka da ba ya iya tafiya sai a kujera. Ɗayan kuwa, wa kike tsammani? Baba Haruna tela.

Da ƙafata na je shagon da na yi shekaru ina kauce wa. Ya tsufa tukuf, idanun sun tafi, jikansa ke ɗinkin shi yana zaune a ƙofa da carbi. Na durƙusa na yi sallama. Kafin in faɗi ko ni wace ce ya ce, "Hauwa'u 'yar Adamu mai guga? Yau kin tuna hanya?" Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ina jira ya ce ai na gaya muku. Bai ce ba. Cewa ya yi a miƙo masa sandarsa. Shi ya tsaya mini mu'arrif kuma shaida, aka ɗauko ƙanen kakanku daga Makka a kujerarsa ya zama shaida na biyu.

A gaban alƙali aka tambaye shi, "Ya sheikh, kai da ba ka gani, ta yaya ka san ita ce?" Ya ce, "Allah Ya gafarta malam, ko lokacin da nake gani ai ban taɓa ganin fuskarta ba tun da ta girma. Muryarta na sani, da ita take zuwa karɓar saƙon ubanta tun tana yarinya." Alƙali ya yi murmushi ya karɓa. Sannan ya juyo gare ni ya ce in faɗi cikakken sunan mijina da bakina. Ni da ban taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa, ko a bayan idonsa. Mijin Goggonki yana raɗa mini, "Faɗi mana, za a ce ba ki san shi ba!" Ranar na fara kiran sunan Babanku, a gaban maza baƙi, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa. A hankali na faɗa, har sai da aka ce in maimaita.

Ba a zama ɗaya aka gama ba. Je ki dawo, kawo wannan, jira wancan, har kika fara famfarar haƙora. Ranar da aka miƙo mini hukuncin, na ba yayanki ya kai wa maƙwabci ya karanta mana, aka zo inda aka kira ni armala, matar mamaci. Guɗa na rangaɗa a tsakar gida, Nafisa. Kin taɓa jin macen da ta yi guɗa don an kira ta matar mamaci? Ni na yi, don ranar ce hukuma ta fara yarda cewa na taɓa zama matar wani, bayan ba shi. Da wannan hukuncin kika shiga makaranta a kan lokaci. Ke kaɗai ce a gidan nan da takarda ba ta taɓa sa ki kuka ba, shi ya sa kike ganin ba komai ba ce.

Dubi inda kike yau. Katinki da hotonki, ba mai tsayawa ya ce ke ce ke. Ke kike tuƙa ni zuwa asibiti, ke kike sa mini hannu. Matar aure yanzu ana ba ta nata kwafin takardar auren ta riƙe, in an sake ta ma sai saƙo ya shigo wayarta, ba kamar da ba da mace za ta yi ta zama a gida ba ta san an daɗe da sakinta ba. Duk wannan a tafin hannunki, sannan ki ɗauki ƙafa da kanki ki koma inda na fito da jini da hawaye? Haba Nafisa! Haba auta! Ina ilimin?

Na san abin da za ki ce: Abakar ba zai ci amanarki ba. Na yarda. Babanku ya ci amanata ne? Mutumin kirki ne har ya koma ga Allah. Ba don mugun miji kaɗai ake rubuta aure ba, ana rubutawa ne don ranar da mijin ba ya nan. Yaron nan a ƙarƙashin kafili yake aiki, mai gonar da takardar zamansa ke hannunsa. In mai gonar ya sallame shi gobe aka ce ya bar ƙasa fa? In muwafaƙar ta zo da "a'a" bayan kin riga kin tare fa? In kuma aka gano kun riga izini, abin ya ƙara cakuɗewa fa? Ba fata nake yi ba, Allah Ya kiyaye. Amma ni ma ban taɓa kawo wa raina azahar ɗin nan ba.

Da na dawo hayyacina jiya, na kalli yayanki na ce, "Har da kai? Kai da ka tsuguna a ƙetaren titi?" Ya ajiye gurasar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Inna, zamani ya canza, wata biyu ne ko uku." Na ce Babanku ma gobe ya ce. Sai ya ce, "To ya kike so in yi? In bar ta ta rasa aikin da ta sha wuya a kai? Ko in bar ta ita kaɗai a garin da in ta yi zazzaɓi ba mai miƙa mata ruwa?" Ban iya ba shi amsa ba. Shi ne waliyyinki, addini ya ba shi, hukuma ta ba shi. Ni da na goya shi ba ni da ikon hana shi shimfiɗa tabarma ranar Juma'a, kuma ba zan yi muku baki ba har abada.

Amma yau ina da amsa. Da safe na aika wa Goggonki ta kawo mini babban akwatinta. In kaɗaici ne matsalar, ba za ki zauna ke kaɗai ba, ni zan bi ki Badar. Ki kama mana ɗaki biyu kusa da makarantar. In dafa miki, in jira ki ki dawo, Abakar ya riƙa zuwa gaishe ni da rana tsaka kamar kowane mai neman aure, har ranar da izini zai fito a kira ma'azun ya rubuta a gaban idona. Wata uku ne, shekara uku ce, ina nan.

Goggonki da ta ji sai ta dafe ƙirji ta ce, "Hauwa'u, da wannan zuciyar taki da likita ya ce a lallaɓa? In ajali ya riske ki a can fa?" Ta san abin da take faɗa. Tun da na shigo garin nan ban taɓa kwana a wajensa ba sai don hajji ko umara, ko bikin wa ake yi ba na kwana, don tsoron kada mutuwa ta same ni a wani wuri. Babana ya bar ƙasarsa da danginsa don a binne shi a maƙabartar Baƙi'a, kuma ya samu. Ni ma ban da wani buri da ya rage mini a duniya sai wannan, kowace sallah shi nake roƙo. Na ce mata in ya riske ni a can, ku binne ni a can, kada a wahalar da kowa da ɗauko gawa. Na haƙura da Baƙi'a, in dai 'yata za ta shiga ɗakin mijinta da aurenta a rubuce.

Saura ke. Ki kira Abakar ki gaya masa da bakinki, ki gaya wa yayanki a fasa dabinon Juma'a. In kin gama karantawa ki shigo ɗakina ki ba ni amsa, da Hausa ko da Larabci, duk wanda ya zo miki. Za ki same ni ina ninke kaya.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare mutuncinki, Ya kai mu Badar lafiya Ya zaunar da mu lafiya. Allah Ya sa albarka a aikinki da aurenki, Ya ba ki zuriya mai albarka da za ki kira naki a gaban kowa. Allah Ya jiƙan Babanku da ɗan'uwanki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Innarki,
Hauwa'u